Minti Goma Kafin a Tayar da Inji: Nazarin Lamarin Wani Siton Riɗi a Kano

Wurin da aikinsa

Wannan nazari ne a kan hatsari biyu na motocin ɗaga kaya a wani sito, da yadda aka gyara tsarin duba su kafin fara aiki. Siton yana gefen Kano ta hanyar Katsina, ba nisa da kasuwar Dawanau. Riɗi da zoɓo yake saye, ya tsaftace, ya zuba a buhu, ya loda a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Buhun riɗi kilo 50 ne. Ana jera 20 a kan katakon falet su tashi tan ɗaya, kwantena mai ƙafa 20 kuwa tana cin kimanin tan 19. Daga Oktoba zuwa Janairu, lokacin da sabon riɗi ke kwararowa daga Jigawa da maƙwabtanta, aiki yakan rabu biyu: na safe daga ƙarfe 7 zuwa 3, na yamma daga 3 zuwa 11 na dare.

Fokilif uku ne a wurin, wato motocin nan masu yatsun ƙarfe biyu a gaba da ke ɗaga kaya. Biyu masu shan man gas ne, 'yan Beljiyam, ɗaya mai ɗaukar tan 3 ɗaya tan 2.5, ma'aikata na ce musu Babba da Ƙarama. Ta ukun mai batir ce, ba ta fita daga zauren tsaftacewa. Direbobi biyar ke juya su. Babu wanda ya yi makarantar aikin a cikinsu; kowa a hannun na gaba da shi ya koya, yawancinsu ma daga dako suka taso. Albashin wata ba shi da yawa. Abin da ke riƙe musu gida shi ne alawus ɗin da ake biya a kan kowace kwantena da aka rufe. Bakanike kuwa ba ma'aikacin sito ba ne, yana da garejinsa a cikin gari, sai an kira shi.

Wanda bai taɓa zama a kan fokilif ba yakan ɗauke ta ƙaramar mota. Ba haka ba ne. Mai tan 3 ita kaɗai ba kaya ta haura tan 4, saboda dunƙulallen ƙarfen da ke bayanta don ya rinjayi kayan gaba. Da tayoyin baya take karya kwana, don haka gindinta ne ke sharewa gefe. Birkinta kuma a tayoyin gaba kaɗai yake.

Kafin abin da za a ba da labari ya faru, duk dubawar da ake yi da safe ita ce a ja sandar baƙin mai, a leƙa ruwan lagireto, shi ma in an tuna.

Oktoba: alamun farko

A makon biyu na Oktoba direban safe ya lura birkin Babba ya yi laushi. Sai ya taka sau biyu kafin ya kama. Ya buɗe ɗan tulun man birki ya ga ya yi ƙasa, ya saya da kuɗinsa ya cika. Bayan kwana biyar ya sake yin ƙasa. Ya gaya wa helima a tsaitsaye, helima ya ce a lallaɓa har a fitar da kwantenonin makon.

Direban yamma bai san da wannan magana ba, domin ba sa haɗuwa: na safe yakan bar makulli a jikin mota ya wuce. Wani dare da birkin ya sake sakewa, shagunan kayan mota sun rufe, sai ya ɗebi man haidurolik, wato man da ke ɗaga yatsun motar, daga jarkar da ke sito ya zuba a tulun. A ganinsa mai mai ne.

Birkin hannu ma ya daɗe ba ya riƙewa sosai. Kowa ya sani, kowa kuma yana da ɗan guntun katakon da yake tokare taya da shi. Ƙasan inda ake ajiye motocin siminti ne da ya sha mai shekara da shekaru har ya yi baƙi ƙirin, saboda haka sabon ɗigo ba ya bambanta da tsoho.

Makon biyu na Nuwamba: hatsarin farko

Da misalin ƙarfe 10 na safe, ran Talata, Babba ta ɗauki falet ɗaya ta hau gangaren da ke kaiwa bakin kwantena. Ta kai tsakiya sai direba ya ga 'yan dako ba su gama kauce wa ƙofa ba. Ya taka birki, feda ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Ya ja na hannu, bai riƙe ba. Mota da kaya, sama da tan 5, suka fara silalowa da baya. Ya yi dabarar sauke yatsu ƙasa don su ja siminti, hakan ya rage gudun, amma gindin motar ya karkata ya daki jerin falet ɗin da ke jiran lodi. Buhuna suka zube a kan wani ɗan dako mai shekara ashirin da 'yan kai, ƙashin ƙaurinsa ya karye. Ya yi wata uku bai ɗauki buhu ba.

Washegari bakanike ya kwance tayoyin gaba. Silindar birkin hagu tana yoyo, man ya jiƙa takalmin birki sharkaf. Da ya buɗe masta, wato silindar da ke tura man birki in an taka feda, sai ya tarar robobin ciki sun kumbura sun yi laɓo-laɓo. Wannan aikin man haidurolik ne: robar birkin da aka yi don man birki nau'in DOT 3 ba ta jure man da aka tace daga fetur, tana sha tana kumbura. Wayar birkin hannu ta saki har ƙarshen gyaranta. An sauya silinda biyu da masta da takalma da waya, aka wanke layin gaba ɗaya. Babba ta yi kwana shida a tsaye.

Masu sito sun biya kuɗin asibiti. A lokacin ne kuma manaja ya fara jin cewa Dokar Masana'antu ta Najeriya ta wajabta kai rahoton hatsarin da ya hana ma'aikaci aiki fiye da kwana uku, kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na NSITF ke gudanarwa, ba ta ware ma'aikacin wucin gadi daga masu haƙƙi ba.

Ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba: fom mai layi 32

Matakin farko shi ne takarda. Akawun sito ya sauko da wani fom na Turanci daga intanet, mai layi 32, aka buga, aka ce kowane direba ya cika kafin ya fara aiki, ya ajiye a ofis.

Tushen wannan fom ba banza ba ne. A Amurka ƙa'ida mai lamba 1910.178 ta OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata, ta ce a duba irin wannan mota kafin a sa ta aiki, aƙalla sau ɗaya a rana, in kuma dare da rana take aiki to bayan kowane zango, kuma duk wadda aka samu da lahanin da ya shafi lafiyar mutane a janye ta har sai an gyara. Fom ɗin ya kwaso rabin farko na wannan magana.

Cikin makonni huɗu an tara takardu sama da 120. Babu ko ɗaya mai alamar matsala. Da aka zo aka baje su daga baya, ga abin da suka nuna. An yi wa layin tukunyar iskar gas alamar lafiya lau kullum, alhali babu motar da ke amfani da iskar gas a siton. An yi wa layin ruwan lagireto alama a fom ɗin mai batir, wadda ba ta da lagireto. Hon ɗin Ƙarama ya mutu tun kafin hatsarin, amma a takarda yana kuka kowace safiya. Wani direba ya cika na Litinin zuwa Asabar da biro ɗaya a zama ɗaya. Biyu daga cikin direbobin ba sa karanta Turanci, ɗaya ma karatun allo kawai ya yi, sai dai su bi layi su sa alama inda suka ga 'yan'uwansu na sawa.

Takardun kuma babu mai karanta su. A kwali ake zubawa ƙarƙashin teburin akawu.

Makon ƙarshe na Disamba: tara

Manaja ya gano hon ɗin da kansa, ransa ya ɓaci. Ya kafa doka: duk motar da ta lalace a hannun direba bayan ya sa hannu cewa lafiyarta ƙalau, za a cire kuɗin gyara daga albashinsa. Bai san cewa Dokar Ƙwadago ta hana yankar albashi da sunan tara ba, sai dai cirewa mai ma'ana a kan ɓarnar ganganci ko sakaci, ita ma da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago.

Direbobi suka yi lissafinsu. In ka faɗi matsala da safe, mota ta tsaya, babu kwantena, babu alawus, ga 'yan dako na harararka don su ma da buhu ake biyansu. In ka yi shiru ta lalace a hannunka, a yanke maka albashi. Hanya ta uku ita ce ka yi shiru, ka ɗaɗɗaure ta, ka yi addu'a ta kai hannun na bayanka. Ita suka bi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A cikin wannan makon wani ya ga tiyon haidurolik na silindar da ke karkata ginshiƙin Ƙarama, wato ƙarfen da yatsu ke hawa da sauka a jikinsa, ya goge da ƙarfe har wayar cikinsa ta bayyana. Ya naɗe wurin da robar tsohon tub, ya shafa masa ƙura.

Makon biyu na Janairu: hatsari na biyu

Ran Alhamis da azahar, Ƙarama na ɗora falet a saman jeri, tsawon wajen mita 3, tiyon ya fashe. Ginshiƙi ya rusuna gaba, tan ɗaya na riɗi ya sulluɓe daga yatsu ya faɗo daidai inda masu ɗinkin buhu ke zama. Ba kowa a wurin, duk sun tafi salla. Man ya fesa wa direba a hannu da fuska, Allah ya sa daga nesa ne. Matsin man irin wannan mota yana haura bar 150, tayar ƙaramar mota kuwa bar 2 da ɗoriya take sha. Man da ya fito ta ƙaramar ɓula da irin wannan ƙarfi yana huda fata ya shige nama, shi ya sa ba a laluben yoyo da hannu.

Fom ɗin wannan safiya yana nan. Layin tiyoyi yana da alamar lafiya.

Sauran Janairu: a bar wa bakanike

Aka soke tara ba tare da sanarwa ba, aka ɗauki yarjejeniya da bakanike ya riƙa zuwa kullum yana duba motocin. Ya gyara abubuwa da yawa a kwanakin farko: hon, fitilu, tiyoyi uku, notunan taya biyu da suka ɓace. Amma daga cikin gari yake tahowa, ba ya isowa kafin ƙarfe 9, motoci kuwa tun 7 suke aiki. Zangon yamma ba ya ganinsa ko kaɗan. Direbobi kuma suka zare hannunsu gaba ɗaya. Da Babba ta yi zafi har ta tafasa ruwa, saboda ƙurar hunturu da ƙaiƙayin riɗi sun toshe fuskar lagireto kamar tabarma, amsar direba ita ce: "Ai Baba bakanike ya duba jiya." Bayan mako uku aka ga wannan ma bai isa ba.

Makon farko na Fabrairu: awo

A nan ne aka kira ni, mai wannan rubutu, in duba lamarin. Kwana biyu na farko ban kawo wata sabuwar doka ba. Mun tsayar da motocin ɗaya bayan ɗaya, ni da bakanike da direbobi biyar ɗin, muka auna abin da ido ba ya iya yanke wa hukunci. Ido ya san kima, amma ba mudu ba ne.

Yatsun Babba kaurinsu na asali milimita 45 ne, ana gane shi daga ɓangaren da ke tsaye, wanda ba ya taɓa ƙasa. A dunduniya, inda ƙarfen ya lanƙwasa yake jan siminti, mun sami 39 a hagu, 40 a dama. Ƙa'idar da masu ƙera waɗannan motoci ke bi ita ce yatsan da ya ci kashi 10 cikin 100 na kaurinsa ya gama aiki, domin a wannan matakin ya rasa kusan kashi 20 na ƙarfinsa. A nan iyakar ita ce 40.5. Duka biyun sun wuce. A dunduniyar na hagu kuma akwai tabon walda, wani ya taɓa cike tsaga. Yatsan fokilif ƙarfe ne da aka gasa aka tsara taurinsa, wutar mai walda tana ɓata wannan, kuma tsagar tana nan a ƙarƙashi. Ƙusar da ke kulle yatsan dama a mazauninsa babu ita, an cusa guntun rodi.

Sarƙar ɗagawa ana auna miƙewarta ne. Tazarar da take milimita 300 a sabuwa, in ta kai 309, wato kashi 3, a jefar. Ta Babba ta nuna 307, ta Ƙarama 304. Sarƙar Babba ta bushe ƙamas, ƙura ta haɗu da tsohon giris ta zama kamar yashin goge tukunya.

Farantin ƙarfen da ke nuna iya nauyin da Ƙarama za ta ɗauka an shafe shi da fenti. Da muka kankare, direbobi uku a ranar suka fara sanin cewa tan 2.5 ɗin yana da sharaɗi: sai tsakiyar nauyin kaya bai wuce milimita 500 daga gindin yatsu ba. Kaya ya matsa gaba, lissafi ya ragu.

Wannan irin awo ba aikin kowace safiya ba ne. A Birtaniya dokar kayan ɗaga nauyi ta 1998, wato LOLER, ta sa a yi wa fokilif cikakken bincike a hannun ƙwararre aƙalla duk wata 12, in kuma ana ɗaga mutane da ita duk wata 6, daban da dubawar direba ta kullum. Siton bai taɓa yin na farkon ba, na biyun kuma a takarda kawai yake.

Da yamma na zauna da direbobin su kaɗai a gindin darbejiya, ba manaja ba helima. Babbansu ya ce: "Malam, ba wai ba ma gani ba ne. Mun fi kowa sanin ciwon motar nan. Amma in na faɗa, wa zai ciyar min da gida ranar?"

Tsakiyar Fabrairu zuwa Maris: abin da aka sauya

An fara da kuɗi, kafin a taɓa takarda. Masu sito sun amince cewa ranar da direba ya tsayar da mota saboda lahani, za a biya shi matsakaicin alawus ɗinsa na mako. An mayar da kuɗin da aka yanke wa mutum biyu a Disamba, a gaban kowa. Minti goman dubawa ya shiga cikin lokacin aiki: ƙarfe 7 ake fara dubawa, 7 da minti 10 ake fara lodi. Wannan ya fi komai jan gardama, an yi zama uku kafin mai sito ya yarda, kuma abin da ya karya shi lissafin kwana shidan da Babba ta yi a tsaye ne da kuɗin asibiti.

Sannan aka yi wa ɗauke mota wata mafita, don kada tsayawarta ta zama tsayawar sito. An sayi keken jan falet na hannu guda biyu. An yi magana da wani mai ba da hayar fokilif cewa zai kawo cikin rabin yini in an kira. An kafa kanta ɗaya a sito mai kayan da suka fi mutuwa: tiyo biyu, man birki na DOT 3 a rufaffiyar roba da jan rubutu a jiki, fis, ƙwan fitila, ƙusar yatsu, matatar iska.

Fom mai layi 32 ya koma kati ɗaya mai abu 13, da Hausa, kowane layi da hotonsa. Hotunan na motocin siton ne da aka ɗauka da waya, ba zane ba. An tsara shi bisa yadda ƙafa ke zagaya mota, direba ya fara daga tayar gaba ta hagu ya dawo inda ya fara. Takwas ana yin su inji a kashe: ƙarƙashin mota, tayoyi da notuna, yatsu da ƙusoshinsu, sarƙa, tiyoyi, mai uku da ruwa, fuskar lagireto da matatar iska, rumfar kai da bel ɗin kujera. Biyar sai an tayar: birkin ƙafa, birkin hannu, sitiyari, ɗagawa da karkatawa, hon da fitila da ƙarar ribas. Mai batir ta sami nata katin, mai ruwan batir da wayoyi da soket, da tunatarwa cewa a buɗe tagogi in ana caji, saboda iskar haidurojin da batir ke fitarwa tana kama wuta.

Abin da ya fi tasiri a katin shi ne an daina tambayar "lafiya?" an koma cewa "yi kaza." Taka birki ka riƙe, ka ƙirga goma, in feda ta ci gaba da nutsewa, tsaya. Hau gindin gangare ba kaya, ja birkin hannu, ɗage ƙafa. In ta motsa, tsaya. Ɗaga yatsu har ƙarshe, saki, ka duba ko suna saukowa da kansu. An wanke simintin wurin ajiya, aka shafa farin fenti gida uku, kowace mota da nata. Da dare ana shimfiɗa kwali a ƙarƙashi. Da safe kwalin ne ke fara magana, kuma wurin ɗigon da launinsa suna nuna daga ina ya fito. Wannan dabarar ba tawa ba ce, ta bakanike ce, kuma ita na fi so a cikin duka.

Makullai suka bar jikin motoci suka koma allo a gaban mai kula da sito. Kati uku ne a allon. Kore, a yi aiki. Rawaya, a yi aiki amma a gyara cikin kwana uku, kamar madubi ko yagaggiyar kujera. Ja, makulli ya shiga akwati a sa kwaɗo: birki, sitiyari, yatsu, sarƙa, yoyon haidurolik, hon. Direba ne ke rataya ja, bakanike kaɗai ke cirewa, bayan ya rubuta abin da ya yi. Helima ba ya cirewa, manaja ma haka.

Canjin hannu na ƙarfe 3 ya ba da wahala, domin inji na da zafi, ba a buɗe murfin lagireto, kwali kuma ba shi da amfani. Aka sa a ajiye motoci ƙarfe 3 saura kwata, mai sauka da mai hawa su zagaya tare, mai sauka ya faɗi abin da ya ji a jikinta da bakinsa. Helima kuma kullum yakan zaɓi layi ɗaya ya ce a nuna masa a aikace. An sauya yatsun Babba duka biyu, aka yi odar sarƙarta.

Makon uku na Maris: ranar da aka gwada tsarin

Wata safiya kwalin Babba ya nuna ɗigo kusa da tayar gaba ta dama. Mafi ƙanƙantar direbobin ne a kanta. Ya gwada birki, feda ta ɗan nutse, ya rataya ja. A lokacin tirela biyu na tsaye a ƙofa, wakilin mai kaya na ta waya, Ƙarama kuma na wurin sabis. Helima ya ce a yi lodi ɗaya tukuna a hankali. Yaron ya ce: "Oga, ka yi haƙuri, makullin yana akwati." Magana ta kai ofis.

Manaja ya fito ya tsaya ya dubi kwalin. Ya kira mai haya. Motar haya ta iso bayan azahar, kwantena ɗaya ta kwana, siton ya biya direban tirela kuɗin kwana. Bakanike ya tarar bututun birki ya tsage a mahaɗa. A ƙarshen mako yaron ya ga alawus ɗinsa cif, sauran huɗun ma sun gani, don sai da suka tambaye shi.

Inda aka kwana, zuwa ƙarshen kakar da ta biyo baya

A makonni shidan farko an rataya jan kati sau 9, abin da ya tayar wa mai sito hankali har ya yi zaton direbobi sun sami hanyar hutu. Da aka bi littafin bakanike, 8 lahani ne na gaske, ɗaya kuwa man da ya zube ne wajen cikawa. Daga Mayu adadin ya sauka zuwa ɗaya ko biyu a wata. A kakar riɗin da ta biyo baya, Oktoba zuwa Janairu, ba a sami rauni ko faɗuwar kaya daga lalacewar mota ba, kuma mafi tsawon tsayawar mota kwana biyu ne. An yi cikakken awo na biyu bayan wata 12.

Akwai abin da bai gyaru ba. Ana duba bel da safe a tabbatar yana kamawa, sannan a ɗaure shi ta bayan kujera a zauna a kai, wai zafi da yawan hawa da sauka. Alhali in fokilif ta kife, mai tsalle ne rumfar ƙarfe ke dannewa. Wanda ya zauna daram, ya riƙe sitiyari, ya tokare ƙafa, ya karkata nesa da gefen faɗuwa, shi ya fi tsira. Rawayen kati ma yakan wuce kwana ukunsa. Direbobin haya da ake ɗauka in aiki ya yi yawa kuwa, sai an tsaya a kansu.

Hukunci

A ganina fom ɗin farko bai faɗi don tsawonsa ko Turancinsa ba, ko da yake duka biyun sun taimaka. Da an fassara shi tsaf an rage shi zuwa layi 13 a watan Disamba, da alamar lafiya 13 za a samu maimakon 32. Direbobin sun san birkin ya yi laushi wata guda kafin hatsari, ɗayansu har da kuɗinsa ya sayi mai. Ilimin yana nan, hanyar da zai bi ya tsayar da mota ce babu, kuma wanda ya faɗa shi ke asara. Tara ta ƙara tsadar faɗar gaskiya. Miƙa aikin ga bakanike ya ɗauke shi daga hannun mutanen da ke jin motar a ƙafarsu awa takwas.

Ba na ɗora wa direban da ya zuba man haidurolik laifi mai yawa. Ba a taɓa gaya masa bambancin ba, man da ya dace babu shi a sito, tirela kuma na jira. Helima ya fi shi alhaki, shi ma kuwa da yawan kwantena ake auna shi. Babban kason na masu sito ne, da suka sayi tsofaffin motoci ba su taɓa sa an auna yatsu ko sarƙa ba.

Kuskurena ni kuma shi ne na bar maganar bel a layin dubawa, na ɗauka ganin yana aiki zai sa a ɗaura. Na kuma yi sakaci da 'yan dako: su ma ranar jan kati kuɗinsu ke raguwa, ba a yi musu tanadin da aka yi wa direbobi ba, kuma har yanzu su ne ke fara gunaguni in makulli ya shiga akwati. Na rubuta wa mai sito shawarar a ba su mafi ƙarancin kuɗin yini a irin wannan rana. Ya ce zai duba bayan kaka.